Suna Ɗaya Tak a Takardar Tasalla

Ku gyara zama, mai rediyo ya rage murya. Ga wata nan na kawo muku, babu gizo a cikinta, babu aljani. Ku saurara da kyau, domin in na kai ƙarshe ku zan bar wa shari'ar.

A Malumfashi an yi wata mata mai ɗinkin hula, sunanta Tasalla. Shekara arba'in allura ba ta bar hannunta ba, har ta kai in ka ga hularta a kan mutum a kasuwa, ba sai an gaya maka gidan da ta fito ba. Mijinta ya rasu 'ya'yansu suna ƙanana. 'Yan uwansa suka zo ta'aziyya suna sharar hawaye, kafin a yi sadakar arba'in sun raba gonakinsa a tsakaninsu. Tun daga lokacin Tasalla ta daina yarda da ɗan Adam. In ka gaishe ta da fara'a, sai ta wuni tana tunanin abin da kake nema. In aka aiko mata da abinci, sai ta ɗiba ta watsa wa kaji, ta zauna tana kallonsu.

'Ya'yanta uku. Na farin shi ne Nasidi, wanda ba ta kama sunansa, sai dai ta ce Babba. Ya karanci harhaɗa magunguna, yana aiki a babban asibitin birni. Mai bi masa Sahura, malama ce a jami'a, aikinta leƙen ƙwayoyin jikin mutum ta madubin da ke girmama abin da ido ba ya gani. Autansu Mati, shi boko bai karɓe shi ba. Gyaran injin ban ruwa yake yi, yana zaune da matarsa a gida ɗaya da uwar.

Wata rana tana wanka ta ji wani ƙullutu a nononta na hagu. Ta yi shiru da bakinta wata biyar. Sai da hammatarta ta kumbura, hannu ya ƙi ɗaguwa, sannan aka kai ta birni. Likita ya ɗebi ɗan nama aka duba. Ya ce sankara ce, kuma ta yi girman da ba za a iya yanke ta yanzu ba, sai an fara rage ta da maganin da ake sawa a ƙarin ruwa. Tasalla ta ce ba da ita ba. Ta taɓa ganin wadda aka yi wa wannan ruwan, gashinta ya zube, ba ta kai azumi ba.

Nasidi ya ɗauki hutu, ya zo ya tare a ƙofar ɗakinta kwana uku. Ta juya masa baya, ta ƙi taɓa abin da ya kawo. A rana ta uku da hantsi ta juyo.

"Babba, guba ce ko ba guba ba?"

"Guba ce, Inna."

Amsar ta sa ta tashi zaune, don ƙarya ta shirya ji.

"To ido gare ta? Ta yaya za ta bambance ni da ciwon?"

Ya jawo kwandon zarenta, ya jera dunƙulen zare a kan tabarma, biyu-biyu. Ya ce mata sankara ba baƙuwa ba ce, ƙwayoyin jikinta ne da suka ƙi daina rabuwa gida biyu. A cikin kowace ƙwaya akwai waɗansu siraran bututai, waɗanda aka gina da wani sinadari mai suna tubulin.

Ta ce, "Tubali?"

Ya ce, "Kusan haka, Inna, don aikin tubali yake yi. Kowane ɗaya tagwaye ne manne da juna, su ake jerawa a zagaye har su zama bututu. Sai dai ginin ba ya tsayawa. Yanzu ana ɗorawa, an jima ana rushewa. In ƙwaya za ta rabu, da wannan miƙewa da janyewa bututan suke kamo kayan gadonta, su ja rabi nan, rabi can."

"To maganin naka fa?"

"Sunansa fakilitaksel, daga ɓawon wata bishiya aka fara samo shi. Yana shiga ramin bututun, ya lafe a wani lungu a jikin tubalin, ya riƙe ginin ƙam. Ba ɗorawa yake hanawa ba, rushewa yake hanawa. Bututun da ya sandare ba ya jan komai. Sai ƙwayar ta maƙale a tsakiyar rabuwa, ba gaba ba baya, har ta mutu. Wadda ta fi yawan rabuwa ita ta fi shan wuya. Shi ya sa ciwon zai fi ki jin jiki."

Ta daɗe tana kallon zaren. Sannan ta ɗaga hannuwanta biyu.

"Waɗannan fa? Zai taɓa su?"

Ta lura ya sunkuya yana mai da zaren cikin kwando kafin ya amsa.

"Gashi ne kawai zai zube, Inna, kuma zai dawo."

Ta yarda, bisa sharaɗin shi zai haɗa kowane ruwa da hannunsa, ya nuna mata kwalbar tun ba a buɗe ba. Haka ya yi, mako bayan mako, bai taɓa wakilta kowa ba. Gashi ya zube. Ƙullutun da ya kai mangwaro ya koma kamar lemun tsami, hannu ya soma ɗaguwa. Likitan ya ce da an ƙara wata biyu ba a fara ba, da ba wannan maganar ake yi ba.

A wata na huɗu allura ta faɗi daga hannunta, ba ta ji faɗuwarta ba. Ta ɗauka, ta sake faɗuwa. Kan yatsunta suka zama kamar an naɗe su da fata, tafin ƙafarta kamar tana taka ƙaya cikin auduga. Ba ta tambayi ɗanta ba. Ranar ƙarin ruwa a asibiti ta bari sai da ya fita, ta kira wata ma'aikaciyar jinya ta tambaye ta kamar da wasa. Matar ta ce ai wannan sananne ne. Jijiyoyin da ke kai ji zuwa kan yatsu dogaye ne, a kan irin waɗannan bututan suke jigilar abincinsu daga tushe zuwa ƙarshe, to in magani ya daskarar da hanyar, yatsu ne ke fara yunwa. Wani jin yakan dawo, wani ba ya dawowa.

Da Nasidi ya shigo ta miƙa masa hular da ta kasa ƙarasawa.

"Ka sani?"

"Na sani. Da na gaya miki, da ba ki karɓa ba. Da yanzu an daɗe da share makokinki."

Ta karɓe hularta. Amma daga ranar in ya ce mata ana ruwa, sai ta leƙa waje.

Ana cikin wata na shida ƙullutun ya daina raguwa. Ya yi tauri, sannan ya soma dawowa. Likitoci suka ce a ci gaba da maganin a ga abin da Allah zai yi. Sahura ta zo daga jami'a, ta duba takardun, ta tafi ta dawo da wata doguwar takarda. Ta ce ta sabunta katin asibiti ce. Ta kama babban yatsan uwar da kanta, ta dangwala. Washegari aka shiga da Tasalla wani ɗaki, aka soka mata wata katuwar allura a wurin ciwon. Sahura ta ce ruwa ake dubawa. Tasalla ta ga an saka wani jan abu kamar tsinke a ƙaramar kwalba, ta ga 'yarta ta jefa kwalbar a jakarta, ta kuma ga ba ta yarda sun haɗa ido ba.

Mako biyar ba a ga Sahura ba. Tasalla ta ce a ranta, ta samu abin da ta zo nema. Ashe Sahura tana can ɗakin bincike tana yanka naman sala-sala, tana rina shi, tana gwada shi da wanda aka ɗiba tun farko. Ranar da ta dawo idanunta sun faɗa, ta shimfiɗa hotuna biyu a gaban uwar.

"Inna, wannan na da ne, wannan na yanzu. Kin ga yadda launin ƙasa-ƙasan nan ya mamaye na biyu? Tubalin ba iri ɗaya ba ne, jiki yana da iri-iri. Ƙwayoyin da maganin Yaya ya kashe sun tafi. Waɗanda suka rage, yawancinsu wani irin tubali suke ginawa da shi, wanda maganin ba ya iya daskarar da shi sosai. Ana ta zuba miki shi, yatsunki suna mutuwa, su kuwa suna harkarsu."

"Sai a bar ni in mutu a ɗakina."

"A'a. Akwai wani, eribulin. Asalinsa daga wata halittar teku ne. Shi ba ruwansa da lungun cikin bututu. Can bakin ginin yake zuwa, inda ake ɗora sabon tubali, ya zauna ya toshe. Na farko ya hana rushewa, wannan zai hana ɗorawa. Ban ce tabbas ba ne, Inna. Na ce ƙofa ce da ba a taɓa ba."

Sai da Sahura ta yi kwana huɗu tana kai da komo tsakanin manyan likitoci, wani ya ce mata ita ba likita ba ce, wani ya bar ta a tsaye a baranda har la'asar. A ƙarshe suka duba hotunan, suka sauya maganin. Zuwa zagaye na uku ƙullutun ya sake ja da baya.

Sai ga wata abokiyar aikin Sahura ta zo dubiya da ledar lemo. Ta durƙusa ta gaishe da Tasalla, ta ce, "Ashe ke ce, Inna! Ai ƙwayoyinki sun yi suna. Hotonsu Malama Sahura ta kai taro, masana suka yi ta tafi, har an ce za a ƙara mata girma."

Bayan baƙuwar ta tafi Tasalla ta ce, "Takardar katin asibiti ke nan?"

Sahura ta ce, "Izini ne na ɗibar naman da na yin bincike da shi. Na san ba za ki bari a sake huda ki ba. Babu sunanki a ciki, wallahi."

"Sunana ne kawai babu. Namana yana can yana yawo."

Yanzu sai ta ga babu wanda ya rage mata sai maƙwabciyarta Kande, wadda suka yi shekara talatin suna gaisawa ta kan katanga. Ita dai ba ta yi boko ba, ba ta da abin da za ta ɓoye a takarda. Gaɓoɓin Tasalla suna ta ciwo, ta yi mata kuka da su. Kande ta kawo mata waɗansu ƙananan ƙwayoyi farare, irin waɗanda mijinta ke sha in babban yatsan ƙafarsa ya kumbura. Ta ce kamar yankan wuƙa suke. Tasalla ta ɓoye su a akwatinta mai kwaɗo. Tana shan biyu bayan azahar, in ciwon ya matsa ta ƙara.

Ba a yi kwana goma ba gudawa ta kama ta, ga amai, bakinta ya yi gyambo. Aka auna jini aka ga ya zube, musamman ƙwayoyin da ke yaƙi da cuta. Likitoci suka ce jikinta ya ƙi sabon maganin, za a dakatar. Tana kwance tana jin 'ya'yanta biyu a tsakar gida. Nasidi yana cewa Sahura ta jefa uwarsu a gwaji don neman suna. Sahura tana cewa a binciki awon da yake haɗawa, tunda wanda ya ɓoye abu sau ɗaya zai ɓoye sau biyu. Tasalla ta yi lamo. Ta fara zargin ƙwayoyin Kande, amma ta gwammace ta haɗiye zargin da ta ba waɗannan biyun abin faɗa.

Mati bai sa baki a musun ba. Bai san tubulin ba, bai san sunan magani ko ɗaya ba. Abin da ya sani shi ne, in injin da ke aiki lafiya ya soma tari, kafin ya kwance shi sai ya tambayi mai shi abin da ya zuba masa. Tasalla ta lura ya rage fita. Ta lura in ta tura ƙofa bayan azahar, takalminsa yana nan kusa da randa. Ta kira matarsa ta ce ta gaya masa ita ba fursuna ba ce.

Wata safiya ya zo ya durƙusa ya ce an kira shi aiki Funtuwa, sai gobe. Ta ji ƙarar babur ɗinsa ta yi nisa, ta sauke ajiyar zuciya. Ashe a bakin titi ya ajiye shi, ya zagayo ta bayan gida ya haura katanga. Ta dafa bango ta je banɗaki. Ko da ta dawo, ta tarar da shi a tsakiyar ɗakinta da sukundireba a hannu, kwaɗon akwati a ƙasa. Ya zazzage komai. Ga takardun mijinta, ga 'yan kunnen aurenta, ga farin yadin da ta saya a ɓoye ta ninke don likkafaninta, wanda ba ta so wani mahaluki ya gani sai ranar da za a buƙace shi. A ɗaya hannun yana riƙe da ƙwayoyin.

"Ɓarawo! A gidan ubanka, Mati?"

Ya yar da sukundireba. Ya matso ya ɗora bayan hannunsa a goshinta, ya ji kamar murfin tukunya. Likita ya taɓa ce musu in zazzaɓi ya zo jini yana ƙasa, kada a jira ko sa'a ɗaya.

"Asibiti za mu, Inna."

"Ba inda za ni. Ka taɓa ni in tsine maka."

"Ki tsine a mota, Inna."

Ya sunkuce ta kamar buhun gero. Tana ihu, tana dukan bayansa, ɗankwalinta ya faɗi, unguwa ta ga kanta babu gashi. A ƙofar gida ya hangi Kande, ya ɗaga ƙwayoyin sama, ya ce kowa ya shaida ga matar da ta so kashe masa uwa. Kande ta rufe fuska ta shige gida. Daga ranar ba ta ƙara leƙo kan katangar ba.

A asibiti Mati ya ajiye ƙwayoyin a kan tebur. Nasidi ya karanta bayan takardar, ya dafe kai. Ya ce kolcisin ne, maganin kumburin gaɓoɓi. Sahura ta ce, "Innalillahi! Shi ma tubulin yake kamawa." Ta yi wa likitan da ke tsaye bayani, Tasalla tana ji sama-sama. Wannan a tsakanin tagwayen yake cusa kansa, ya bar tubalin a lanƙwashe, ba zai miƙe ya shiga jeri ba. Ɓargo da hanji kullum cikin rabuwar ƙwayoyi suke, ga shi an haɗa musu masu hana gini biyu a lokaci guda. Likitan ya ce cuta ta riga ta shiga jininta, da an kai magariba da sai dai wani labarin. Kwana goma sha ɗaya ta yi a gado. Da jini ya farfaɗo aka mai da ta kan maganin Sahura, wanda saura ƙiris a yar da shi bisa laifin da ba nasa ba.

Bayan wata uku ƙullutun ya koma kamar ƙwallon dabino, aka sa ranar aiki. Mai fiɗar mace ce, ba ta da yawan magana. Ta sa aka fitar da kowa, ta zauna a gefen gadon da takarda da biro.

"Inna, in mun sa ki barci, wani abu yana iya tasowa da ba mu zata ba. Mai yiwuwa mu ga ya kamata mu yanke fiye da yadda muka shirya, ko mu tsaya. Ke ba za ki iya amsa mana ba. Ina son sunan wanda zai yanke shawara a madadinki."

"Ai su uku ne."

"Na ga yadda suke a baranda. Ba zan bar ki a buɗe in fita raba gardama ba. Suna ɗaya zan rubuta."

Tasalla ta juya ta dubi taga. Ga su can a kan benci ɗaya, kowa ya bar tazara tsakaninsa da ɗan uwansa. Ba don Babba ba, da ba ta karɓi maganin ba tun farko. Ya san kowane awo da kowace illa, amma ya dube ta ya zaɓar mata rai a kan sana'arta ba tare da ya tambaye ta ba. Ba don Sahura ba, da an ci gaba da zuba mata abin da ya daina aiki har ciwon ya cinye ta. Ita ta fi kowa ganin abin da ke ɓoye, amma ta yaudare ta da takarda, kuma ta ci riba da ciwon. Ba don Mati ba, da zazzaɓin nan ya tafi da ita, an kuma ɗora wa maganin kirki laifi. Shi bai ci komai ba, bai nemi komai ba, amma bai san abin da likita za ta tambaye shi ba, ga zuciya, ga shi ya tona mata asiri a bainar jama'a, ya raba ta da ƙawarta ɗaya tilo.

Likitar ta cire murfin biro, ta ce, "Ina jin ki, Inna."

To, jama'a, ga biro a kan takarda, ga ɗakin fiɗa an kunna fitila. A cikin ukun nan da kowannensu ya cece ta kuma kowannensu ya ci amanarta, sunan wa ya cancanci Tasalla ta faɗa?